Kalkulas da Jiyometirin Kodinet: Ina Wahalar Take, Kuma Me Ya Sa Jami'o'i Ba Su Yar da Su Ba?

A kusan kowace jami'a da ke koyar da injiniyanci, fiziks, kemistiri, ilimin kwamfuta ko tattalin arziki, akwai kwas ɗaya da sabon ɗalibi ke jin labarinsa tun kafin ya ga fuskar malamin da zai koyar da shi, wato kalkulas, wanda galibi ake gwama shi da jiyometirin kodinet a shekarar farko. Waɗanda suka riga shi shiga ne ke ba shi labarin, kuma labarin ba ya wuce na faɗuwa da maimaitawa. Daga nan ne maganganu biyu suka samu gindin zama a bakin jama'a. Ta farko ita ce wai darasin na masu wata baiwa ce ta daban, wanda ba a halitta da ita ba kuwa sai dai ya haddace abin da ya samu, ya roƙi sa'a. Ta biyu sabuwa ce: tunda yanzu manhajar waya kan warware tambayar jarrabawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, har ta jero matakan warwarewar, mene ne amfanin ci gaba da gasa wa matasa aya a hannu a kansa?

Tambayar da ke gabanmu ke nan: a ina ainihin wahalar wannan kwas take, kuma shin har yanzu ya cancanci matsayin da aka ba shi? Ba za a iya amsa ta ba sai an san abin da ke cikin kwas ɗin, domin da yawa daga cikin masu tsoronsa da masu neman a soke shi ba su taɓa tsayawa sun duba ba.

Abin da sunayen biyu ke nufi

Kalmar kalkulas daga harshen Latin ta fito, ma'anarta kuwa 'yar tsakuwa, saboda da tsakuwoyi mutanen da suke ƙirge. A yau tana nufin lissafin canji. Mafi yawan lissafin da ɗalibi ya sani kafin jami'a na abin da ke tsaye wuri ɗaya ne, ko mai tafiya da gudu iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Amma ruwan da ke zuba daga tanki ba ya zuba da ƙarfi ɗaya, maganin da aka sha ba ya raguwa a jini da sauri ɗaya, kuma abin da aka saki daga sama yana ƙara gudu ne a kowane ƙiftawar ido. Kalkulas shi ne kayan aikin auna irin waɗannan abubuwa.

Jiyometirin kodinet kuwa, wanda wasu littattafai ke kira jiyometirin analitik, hanya ce ta mayar da siffa ta zama lissafin aljabra, da kuma mayar da aljabra ta zama siffa. Abin da ya haɗa darussan biyu shi ne abin da ake kira fankishan, wato ƙa'idar da za a ba ta lamba ta fitar da lamba guda ɗaya tak, kamar ƙa'idar da ta ce kowace lamba a ninka ta da kanta.

Gadar da ke tsakanin siffa da lamba

A ja layi biyu da suka gitta juna a kan takarda, ɗaya kwance ɗaya tsaye, a kira na kwancen x, na tsayen y. Da zarar an yi haka, kowane ɗigo a kan takardar ya samu adireshi na lamba biyu: taku nawa zuwa dama ko hagu, taku nawa zuwa sama ko ƙasa. Wannan ɗan abu da ake ganin bai taka kara ya karya ba shi ne tushen darasin baki ɗaya. Da'irar da cibiyarta ke mahaɗar layukan biyu, mai nisan taku 5 daga cibiya zuwa baki, ta zama ikweshan ɗin x² + y² = 25. Wanda ke son sanin ko ɗigon da ke taku 3 dama da taku 4 sama yana kan wannan da'ira, ba ya bukatar rula ko kamfas: 9 da 16 sun ba da 25, saboda haka yana kanta. Wanda kuma ke son sanin inda miƙaƙƙen layin y = x + 1 ya ratsa da'irar, sai ya sa x + 1 a madadin y, aljabra ta kai shi ga x² + x − 12 = 0, ya samu x daidai da 3 ko −4. Tambayar siffa ce, amma aljabra ce ta amsa ta.

René Descartes na ƙasar Faransa ya wallafa wannan dabara a 1637, kuma ɗan ƙasarsu Pierre de Fermat ya kai ga irinta a daidai wannan zamani ba tare da ya ɗauka daga wurinsa ba. Sai dai siffofin da aka fi nazari a kwas ɗin sun girme su nesa ba kusa ba. Apollonius na Perga, kimanin shekara 200 kafin miladiyya, ya yi bayanin abin da ake samu idan aka yanka abu mai siffar mazurari ta fuskoki daban-daban: da'ira, da elifs mai kama da da'irar da aka matse, da farabola, da haifabola. Umar Hayyam, masanin lissafi na ƙasar Farisa wanda ya rasu a 1131, ya yi amfani da mahaɗar irin waɗannan siffofi wajen warware ikweshan masu ɗauke da x³, wato x sau x sau x. Shekaru aru-aru galibi ana ɗaukar nazarin waɗannan siffofi a matsayin wasa ƙwaƙwalwa, sai ga Johannes Kepler a 1609 ya nuna cewa a kan elifs duniyar Mars ke kewaya rana.

Abu ɗaya daga wannan sashe ya fi sauran muhimmanci ga abin da zai biyo baya, shi ne karkatar layi. A layin y = 2x + 1, duk taku ɗaya zuwa dama yana zuwa da hawan taku biyu, saboda haka karkatarsa 2 ce ko'ina aka auna. Lanƙwasasshen layi ba haka yake ba, a wani wuri hawansa a miƙe yake, a wani wuri a kwance, kuma karkatarsa tana sauyawa daga ɗigo zuwa ɗigo. Tambayar "mece ce karkatar lanƙwasasshen layi a wannan ɗigo guda?" ita ce ƙofar shiga kalkulas. Shi ya sa ake haɗa darussan biyu a kwas ɗaya, ba don a ƙara wa ɗalibi kaya ba.

Dutsen da aka saki daga sama

A nan ya kamata a ɗan daɗe, domin wanda ya fahimci misalin da ke tafe ya riga ya kama rabin kwas ɗin. Idan aka saki dutse daga wuri mai tsayi, kuma aka yi watsi da turjiyar iska, nisan da ya faɗo bayan daƙiƙa t yana kusa da mita 4.9 sau t sau t. Don sauƙin lissafi mu mayar da shi 5t². Bayan daƙiƙa 2 ya faɗo mita 20, bayan daƙiƙa 3 ya faɗo mita 45. To, da wane gudu yake tafiya daidai lokacin da agogo ya buga daƙiƙa 2?

Abin da muka sani tun daga firamare shi ne a raba nisa da lokaci. Tsakanin daƙiƙa 2 da 3 dutsen ya ci mita 25 a daƙiƙa ɗaya, amma wannan matsakaicin gudu ne, tunda yana ta ƙara sauri a cikin daƙiƙar. Sai mu rage tazarar. Tsakanin 2 da 2.1, nisan ya tashi daga 20 zuwa 22.05, wato mita 2.05 a cikin 0.1 na daƙiƙa, gudun ya zama 20.5. Tsakanin 2 da 2.01 gudun 20.05 ne. Tsakanin 2 da 2.001 kuwa 20.005. Ko makaho ya shafa ya san inda lambobin suka dosa: 20.

Ga inda tarkon yake. Ba za mu iya mayar da tazarar ta zama sifiri kai tsaye ba, domin a lokacin nisan da aka ci sifiri ne, lokacin da aka ɗauka ma sifiri ne, kuma sifiri a raba da sifiri ba lamba ba ce. Abin da ake yi shi ne a kira tazarar h, a yi aljabra alhali h ba sifiri ba ce, sai matsakaicin gudun ya fito 20 + 5h. Daga nan ake cewa, duk yadda kake son amsar ta matso kusa da 20, akwai ƙanƙantar h da za ta kai ka can. Wannan lamba da ake dosa ita ce ake kira limit a aji, mu kuwa mu kira ta madosa. Idan aka maimaita aikin ga kowane lokaci t, ba daƙiƙa 2 kaɗai ba, gudun yakan fito 10t. Sabuwar ƙa'idar nan ta 10t, wadda aka tatso daga 5t², ita ce diribatif, aikin tatso ta kuma shi ne difarensiyeshan. A kan zane, ita ce karkatar miƙaƙƙen layin da ya shafi lanƙwasar a ɗigo ɗaya ya wuce.

Dokokin da ɗalibai ke haddacewa, irin su cewa xⁿ yana ba da nxⁿ⁻¹, da dokar ninki, da dokar rabawa, da dokar sarƙa, duk gajerun hanyoyi ne da aka fitar daga wannan aiki guda don kada a riƙa maimaita shi kullum. Amfanin diribatif da ya fi saurin shiga kai shi ne gano ƙololuwa ko maƙura. Wanda ke da wayar shinge mita 40 yana son ya kewaye fili mai kusurwa huɗu mafi girma, idan gefe ɗaya x ne, ɗayan 20 − x ne, girman filin kuma x(20 − x). Diribatif ɗinsa 20 − 2x ne, kuma a ƙololuwar tudu babu hawa babu gangara, saboda haka a daidaita shi da sifiri, x ya fito 10. Murabba'i mai gefen mita 10 shi ne mafi girma.

Tarawa, da sirrin da ya haɗa ɓangarorin biyu

Rabi na biyu na kwas ɗin yana juya tambayar ne. Idan gudun kawai muka sani, wato 10t, ta yaya za mu san nisan da dutsen ya faɗo cikin daƙiƙa 3? Tunda gudun yana sauyawa, ba za a ninka shi da lokaci kai tsaye ba. Sai a yayyanka lokacin gutsi-gutsi, a ɗauka cewa a cikin kowane gutsure gudun bai sauya ba, a lissafa ɗan nisan da aka ci a kowanne, a tara. Duk lokacin da aka ƙara sirantar da gutsattsarin, jimlar tana ƙara matsowa kusa da wata lamba. Madosa ce ta sake dawowa, kuma wannan karon sunan abin da ta bayar intigiral, aikin kuma intigireshan.

A kan zane, jimlar ita ce girman filin da ke ƙarƙashin layin gudu. A misalinmu layin miƙaƙƙe ne, ya tashi daga sifiri zuwa 30 cikin daƙiƙa 3, saboda haka filin alwatika ce mai gindin 3 da tsayin 30, girmanta rabin 3 sau 30, wato 45. Mita 45 ɗin nan kuwa ita ce muka samu tun farko daga 5t². Ba katari aka yi ba. Neman karkata da neman girman fili, waɗanda a ido ba abin da ya haɗa su, kowanne yana warware abin da ɗayan ya ɗaura, kamar yadda ɗebewa ke warware tarawa. Wannan ita ce babbar ƙa'idar kalkulas, kuma ita ce ta mayar da aikin tara dubban gutsattsari ya zama 'yan layuka a takarda.

Akwai wani bambanci da ba kasafai ake gaya wa ɗalibi a sarari ba. Difarensiyeshan aiki ne na bin doka, wanda ya san dokokin zai kai ga amsa komai tsawon tambayar. Intigireshan kuwa yana bukatar ido da gogewa, sai an gane wace dabara ce ta dace, kuma akwai ƙa'idojin da sam ba su da amsa ta alamomin da aka saba. Shahararren misali shi ne lanƙwasa mai siffar ƙararrawa da ake amfani da ita a ilimin ƙididdiga, wadda filin ƙarƙashinta sai dai a kimanta shi da lambobi. Ɗalibin da ya ji intigireshan ya fi masa wuya ba laifin kansa ba ne, haka abin yake.

Shekara 140 ana aiki da shi kafin a gyara tushensa

Dabarar yayyankawa da tarawa tsohuwa ce. Archimedes ya yi amfani da siffa mai gefe 96 ya nuna cewa adadin da ake kira pi, wato abin da ake samu idan aka raba kewayen da'ira da faɗinta, yana tsakanin 3 da 10/71 da kuma 3 da 1/7. Ibnul Haisam, wanda ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 11, ya fitar da hanyar tara lambobi irin su 1⁴, 2⁴, 3⁴ don ya san cikin siffar da ake samu idan aka juya farabola. Madhava da almajiransa a yankin Kerala na Indiya sun kai ga jerin lambobi marasa ƙarshe na lissafin kusurwa tun a ƙarni na 14. Abin da Isaac Newton da Gottfried Leibniz suka ƙara shi ne gane cewa tambayoyin biyu juna suke warwarewa, da kuma shimfiɗa dokokin da kowa zai iya bi. Newton ya yi nasa aikin a 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Cambridge. Leibniz ya kai ga nasa a 1675 ya wallafa a 1684. Rigimar wa ya riga wa ta kai har ga wani kwamitin ƙungiyar masana ta Royal Society a 1712, wanda ya ba Newton gaskiya, alhali shi ne shugaban ƙungiyar kuma shi ya rubuta rahoton. A yau masana tarihi sun yarda kowannensu da kansa ya gano, kuma alamomin Leibniz, wato dy/dx da doguwar alamar ∫, su ne suka cika allunan ajujuwa.

Abin da ya fi shafar ɗalibi a wannan tarihi wani ne daban. Mutanen nan biyu sun yi aiki da wasu adadi da suka ce ƙanana ne ƙwarai, waɗanda a wani layi ake raba lamba da su kamar ba sifiri ba ne, a layi na gaba kuma a watsar da su kamar sifiri. A 1734 masanin falsafa George Berkeley ya yi wa waɗannan adadi ba'a, ya kira su fatalwar adadin da suka riga suka mutu, kuma sukar tasa tana kan hanya. Sai a 1821 Augustin-Louis Cauchy ya ɗora kalkulas a kan madosa, daga baya Karl Weierstrass ya tsaurara ma'anarta da alamomin ε da δ waɗanda ake koyarwa a yau. Daga 1684 zuwa 1821 kusan shekara 140 ke nan. Abin da ya ɗauki manyan masana wannan tsawon lokaci shi ne ake gabatar wa matashi a makonnin farko na zangon karatu, saboda littattafai suna bin tsarin hujja ne, ba tsarin yadda aka gano abin ba. Duk wanda madosa ta ɗaure wa kai a karon farko, tare yake da mutanen kirki.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe a zahiri

Duk da haka, a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda ya duba takardun jarrabawar da aka faɗi zai ga cewa sau da yawa matakin kalkulas ɗin daidai ne, aljabrar da ke kewaye da shi ce ta rushe. Ɗalibi zai rubuta cewa (a + b)² daidai yake da a² + b², alhali da ya gwada da 3 da 4 zai ga ɗaya 49 ne ɗaya 25. Wani zai raba 1/(a + b) gida biyu kamar ana iya yin hakan. Wani zai yar da alamar ɗebewa a tsakiyar hanya, wani kuma ya bar kalkuletarsa tana auna kusurwa da ma'aunin digiri, alhali dokar da ta ce diribatif ɗin sin x shi ne cos x ba ta aiki sai a ma'aunin radiyan. Tambaya guda ta kalkulas takan ƙunshi layi ɗaya na sabon ilimi da layi bakwai na tsohon. Kwas ɗin yana tona ramukan da aka binne tun sakandare ne, sai shi kuma ya ɗauki laifin.

Dalili na biyu shi ne hadda ba tare da ma'ana ba. Hadda tana da gurbinta, domin wanda bai riƙe dokokin a ka ba zai ɓata lokaci. Amma ɗalibin da ya iya tatso diribatif na doguwar ƙa'ida, ya kuma kasa cewa komai idan aka nuna masa zane aka tambaye shi a ina abin ke ƙaruwa da sauri, to bai koyi kalkulas ba tukuna. Irin wannan ɗalibi yakan ci tambayar da ta yi kama da misalin allo, ya ƙame a gaban tambayar da aka rubuta da zance, domin ita tana bukatar ya zaɓi abin da zai kira x, ya zana siffa, ya gina ikweshan da kansa.

Na uku shi ne saurin tafiyar kwas ɗin da yadda darussansa ke hawa kan juna. Wanda dokar sarƙa ta wuce shi a mako na biyar, zai sake cin karo da ita a juye idan aka zo intigireshan ta hanyar musanya, kuma babu karatun daren jarrabawa da zai cike wannan giɓi. Kallon malami yana warware tambaya yana sa mutum jin ya gane, kamar yadda kallon mai iyo ke sa a ga abin da sauƙi, amma ba a sanin gaskiya sai an rufe littafi an ɗauki biro. Akwai shaida a kan wannan. Wani nazari da Scott Freeman da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, wanda ya haɗa sakamakon bincike 225 kan darussan kimiyya, injiniyanci da lissafi a jami'a, ya gano cewa yawan faɗuwa ya kai kusan kashi 34 cikin ɗari a ajujuwan da lacca kawai ake yi, amma ya sauko kusan kashi 22 inda ake sa ɗalibai warware tambayoyi da tattaunawa a cikin aji. Da baiwa ce kaɗai ke aiki, sauya salon koyarwa ba zai motsa lambar haka ba.

Masu cewa a rage masa matsayi da masu cewa a bar shi

Masu suka suna da hujjojin da bai kamata a raina ba. Suna cewa an mayar da kwas ɗin rariya, ana tace mutane da shi daga fannonin da ba lallai su yi amfani da intigireshan ko sau ɗaya ba bayan kammala karatu, kuma rariyar tana zubar da waɗanda suka fito daga makarantu masu rauni ne, ba waɗanda suka rasa basira ba. Suna ƙara da cewa ilimin ƙididdiga da nazarin bayanai sun fi shiga rayuwar yawancin ma'aikata. Wannan muhawara ta yi zafi a jihar Kalifoniya ta Amurka kafin a amince da sabon tsarin koyar da lissafi a makarantunta a 2023, inda malaman jami'a da dama suka yi gargaɗin cewa ɗalibin da aka kauce da shi daga aljabra mai zurfi tun sakandare an rufe masa ƙofar kimiyya da injiniyanci bai sani ba.

Masu kare kwas ɗin suna cewa ƙididdigar kanta a kan kalkulas take zaune, tunda yiwuwar aukuwar abu girman fili ne a ƙarƙashin lanƙwasa, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake cewa sun maye gurbinsa da diribatif ake horar da su, ta hanyar bin gangara a hankali har kuskure ya ragu. Game da na'ura kuwa, manhajoji irin su Wolfram Alpha, wadda ta fito a 2009, da GeoGebra da Desmos sun daɗe suna yin lissafin da zana siffofin. Abin da ba sa yi shi ne yanke hukuncin ko tambayar da aka ba su ita ce tambayar da ya kamata a yi, ko kuma lura cewa amsar da ta ce tsawon ƙarfe lamba ce ƙasa da sifiri ba ta da ma'ana.

Ni dai na fi karkata ga cewa kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Sa'o'in da ake kashewa kan dabarun intigireshan masu sarƙaƙiya, waɗanda na'ura ta fi mutum iyawa, za a iya rage su a mayar da su ga gina ikweshan daga matsala ta zahiri da fassara amsa. Haka kuma ba kowane fanni ne ke bukatar kwas ɗin da aka tsara domin injiniya ba. Amma cire madosa da diribatif da intigiral daga karatun wanda zai tsara gada ko ya lissafa ƙarfin wutar lantarki, wannan ganganci ne.

Abin da ya shafi wanda bai taɓa shiga ajin ba

Farantin tauraron ɗan'adam yana da siffar farabola ne saboda duk siginar da ta faɗo masa a miƙe tana komawa ɗigo ɗaya, inda ake ɗaura makarɓin. Tazarar da likita ke sa wa tsakanin shan magani da shan na gaba ta dogara ne da saurin raguwarsa a jini, wanda a magunguna da yawa yakan yi daidai da yawan abin da ya rage. Hasashen yadda annoba za ta bazu kuwa galibi yana komawa ga tsarin ikweshan da William Kermack da Anderson McKendrick suka wallafa a 1927, wanda ya raba jama'a gida uku, masu iya kamuwa da masu ɗauke da cutar da waɗanda suka fita daga cikinta, ya kuma bi saurin ƙaura daga wannan gida zuwa wancan.

Misalin da ya fi kusa da kowa shi ne rikicin da kan tashi duk lokacin da hukumomi suka sanar cewa hauhawar farashi ta sauka. Jama'a su duba su ga kaya ba su yi sauƙi ba, sai su ce ƙarya ake musu. Sau da yawa duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa, sai dai kan abubuwa biyu daban. Farashi shi ne nisan da dutsen ya faɗo, hauhawa kuma ita ce gudunsa. Idan hauhawar ta sauka daga kashi 20 cikin ɗari zuwa kashi 10, abin da ake saye 100 a bara waccan ya koma 120 a bara, bana kuma ya zama 132. Gudun ya ragu da rabi, amma farashin bai daina hawa ba, kuma ba zai sauko ba sai lambar hauhawar ta faɗa ƙasa da sifiri.